Marubuta biyar nake ta juyawa, a ina zan samo sababbi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ina son karatu sosai amma kusan shekara uku kenan marubuta huɗu zuwa biyar nake ta juyawa, har na haddace salonsu, kafin in kai tsakiya na san yadda labarin zai ƙare. In na shiga intanet kuma littattafai ne birjik na rasa ta ina zan fara, waɗanda waya take nuno min duk kala ɗaya ne. Ya zan yi in gano sababbin marubuta ba tare da na yi asarar data da lokaci ba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bari in fara da maganar wayar, don haka aka gina ta. Manhajojin nan lissafi kawai suke yi, suna duba mutanen da suka karanta abin da kika karanta, me kuma suka buɗe bayansa, sai su miƙo miki shi. Kin ga kenan wanda ya riga ya yi suna shi ke ƙara suna, marubuciyar da ta fara jiya mai makaranta talatin kuwa ba ta ma shiga lissafin ba balle ta iso gabanki, ke kuma kullum ana dawo miki da ƙanwar littafin da kika gama.

To ni shawarata ki daina bin na'ura ki koma bin mutum. Ki shiga Goodreads, shafin sharhin littattafai da aka buɗe a 2007 Amazon ta saye shi a 2013, ki nemo littafin da kika fi so a rayuwarki. Kar ki tsaya kan masu ba da tauraro biyar, yawancinsu "kai ya yi daɗi" ne kawai. Masu tauraro uku za ki karanta, su ne suke zama su faɗi inda ya burge su da inda ya ba su haushi. In kika ci karo da wanda ƙorafinsa irin naki ne sak, ki danna sunansa ki leƙa kantar littattafansa. Ni haka na samu wata mata da ban san ko a wace ƙasa take ba, ta rubuta cewa babi biyu na ƙarshen wani littafi kamar ana koran marubucin ya rubuta su, na ce wallahi abin da ke raina kenan, na bi jerinta na tsinci marubuta uku da ban taɓa jin sunansu ba, biyu har yau ina tare da su.

Sai gasanni, amma fa ba gwarzon kaɗai ba, jerin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe za ki duba. Gasar Caine ta gajerun labaran Afirka tun 2000 ake yin ta, akan fitar da labari biyar a zagayen ƙarshe. Ta Commonwealth an fara ta a 2012, mujallar Granta tana buga labaran zakarun yankuna a shafinta kyauta. A Hausa ga Hikayata ta BBC Hausa da aka soma a 2016 domin mata. Amfanin gajeren labari shi ne a minti ashirin kin ɗanɗani alƙalamin mutum, in ya yi miki ki nemi dogon aikinsa, in bai yi ba babu abin da ya ragu a jikinki.

Wattpad kuma, dandalin da marubuta ke wallafa labaransu wanda aka kafa a Kanada a 2006, akwai inda yake ruɗar mutane. Wancan adadin karatun da ke ƙarƙashin labari ana tara shi ne babi-babi, don haka labari mai babi 120 zai tara lamba mai ban tsoro ko da mutanen da suka bi shi ba su kai na mai babi 20 ba. Ki duba an kammala shi tukuna, don babu takaici irin ki yi nisa ki tarar marubucin ya ajiye alƙalami shekara biyu da suka wuce. Sannan kar ki yanke hukunci da babin farko, kowa yana yi masa kwalliya, ki tsallaka babi na goma ki karanta shafi ɗaya, in hirar mutanen ciki tana kama da maganar mutane to ki koma farko. Ki kuma leƙa jerin karatun marubucin da kike so, galibi a buɗe yake, marubuci mai kyau ba ya rasa karanta na kirki.

Akwai Literature-Map, ki rubuta sunan marubuci ya zano miki sunayen makusantansa, sai dai ya fi sanin Turawa. Kuma sabo a wajenki ba lallai sai mai rai ba, Project Gutenberg da ya faro a 1971 yana da tsofaffin littattafai sama da 70,000 kyauta.

Abu ɗaya da ke ci min tuwo a ƙwarya, littattafan da ake yawo da su a WhatsApp an goge sunan mai su. In irin wannan ya faɗo hannunki kuma ya yi miki, ki kwafi jimla ɗaya daga ciki ki saka a Google tsakanin alamar zance, sau da yawa zai kai ki inda aka fara wallafa shi, daga nan kin samu sunan marubucin da sauran abin da ya rubuta.