Tambaya da Amsa: Shin Ɗan Sanda Yana da Hurumin Harbin Wanda Ya Ƙi Tsayawa a Shinge?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban motar haya ne. Watannin baya wani abokin aikina ya iso shingen 'yan sanda da daddare, aka ɗaga masa hannu bai tsaya ba, sai aka bi motar da harbi. Harsashi ya sami yaron motarsa, ya cika jim kaɗan bayan an kai shi asibiti, washegari da safe aka yi jana'izarsa. Har yau gardama ta ƙi ƙarewa a tasharmu: wasu na cewa duk wanda ya ƙi tsayawa doka ta halatta jininsa, wasu na cewa wannan kisan kai ne tsagwaronsa. Mene ne gaskiyar magana, kuma akwai abin da iyayen yaron za su iya yi yanzu? Daga wani direba, Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan wannan yaro, ya ba iyayensa haƙurin rashinsa. Waɗanda suke cewa ƙin tsayawa ya halatta jinin mutum ba su faɗi daidai ba. Ƙin tsayawa laifi ne, abokin aikinka ya yi kuskure babba, amma hukuncinsa yana hannun alƙali, ballantana yaron mota da ba shi ke riƙe da sitiyari ba.

Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowane mutum haƙƙin rayuwa, sannan ya keɓe wasu halaye da za a iya amfani da ƙarfi ko da zai kai ga rasa rai: kare mutum ko dukiya daga farmaki, kama wanda doka ta ce a kama ko hana tsararre tserewa, da kwantar da tarzoma ko tawaye. Masu waccan magana a tasharku daga nan suka tsinci rabin zancen, suka bar rabin, domin sashen ya gindaya sharaɗin cewa ƙarfin ya zama wanda doka ta yarda da shi, kuma kada ya wuce gwargwadon abin da hankali zai ce larura ce. Ita kanta rundunar 'yan sanda tana da umarninta na cikin gida mai lamba 237, wanda aka daɗe ana kuka da shi saboda ya bar ƙofar harbin mai gudu a buɗe, har aka yi masa gyara a 2019 domin ya dace da ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Habana na ƙasar Kyuba a 1990. Ƙa'idar ita ce ba a ɗana kunama da niyyar kisa sai idan ran jami'in ko na wani yana cikin haɗari a wannan lokacin, kuma babu wata hanyar ceto. Da direban ya karkato mota kan jami'i don ya take shi, da magana ta sauya. Motar da ta riga ta wuce, ta ba da baya, lambarta ake ɗauka a sanar da shinge na gaba.

Kada kuma ka yarda da masu cewa ba a shari'a da mai kaki. A ranar 25 ga Disamba, 2022, wani jami'i mai suna Drambi Vandi ya harbe lauya Bolanle Raheem a cikin mota a unguwar Ajah ta Legas, tana ɗauke da juna biyu, kuma a watan Oktoba na 2023 babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa. Sai dai ba kowace shari'a ke yin wannan sauri ba. Matasa shida da 'yan sanda suka kashe a Abuja a watan Yuni na 2005, waɗanda ake kira mutum shida na Apo, da farko 'yan fashi aka ce su ne. Sai da aka kafa kwamitin bincike, aka tono gawarwakinsu, gaskiya ta fito, kuma hukunci bai zo ba sai a watan Maris na 2017, inda aka yanke wa jami'ai biyu hukuncin kisa aka sallami uku. Shekara goma sha biyu ke nan dangi suna zirga-zirgar kotu.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne jana'izar da aka yi washegari. Gaggauta suturta mamaci koyarwar addininmu ce, ba na ja da ita, amma sau da yawa a ƙasar Hausa tare da mamacin muke binne hujjar. Likita bai duba raunin ba, ba a ɗauki hoto kafin wanka ba, manya sun zo gaisuwa da buhun shinkafa, uba ya ce ya bar wa Allah, shi ke nan an rufe babi, jami'in kuma an sauya masa wurin aiki da bindigarsa a kafaɗa. Yafiya haƙƙin iyaye ce, kuma mai yafewa yana da lada, sai dai addinin da ya kwaɗaitar da ita shi ne ya shar'anta ƙisasi da diyya, don haka neman haƙƙin jini ba rashin tawakkali ba ne.

Ƙofa ba ta rufe wa iyayen ba. Su rubuta koke zuwa ga kwamishinan 'yan sandan jihar, su aika kwafi ga Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, wadda ke da ikon ladabtarwa da kora, da kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, su tabbatar an buga hatimin karɓa a kwafin da ke hannunsu. Za su iya shigar da ƙarar tauye haƙƙin rayuwa a babbar kotu su nemi diyya, kuma dokokin 2009 na irin wannan ƙara sun ce daɗewar lokaci ba ta kashe ta. Idan ba su da kuɗin lauya, su nemi ofishin hukumar ba da agajin shari'a kyauta da ke babban birnin jiha. Su sani tun yanzu cewa cin shari'a daban, karɓar kuɗin daban, domin doka ta ce sai da yardar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin gwamnati da ke hannun jami'inta, kuma a nan diyya da yawa suke maƙalewa.

Ku da ke tasha akwai aikin da ya rataya a wuyanku. Ku nemo fasinjojin daren a rubuta abin da kowa ya gani tun bai manta ba, ku karɓo takardar asibitin da ta nuna lokacin da aka kawo shi da inda harsashin ya shiga, lauya kuma ya nemi kotu ta sa a kawo rajistar ma'ajiyar makamai, wadda ke nuna wanda ya karɓi bindiga a daren da yawan harsasan da ya mayar. Idan ba a kai motar wurin mai walda ba tukuna, a dakata: ramin harsashi a bayan mota shi zai nuna wa alƙali cewa motar ta riga ta wuce lokacin da aka yi harbin.