Masu Shan Jini Kuma Da Barkwanci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ƙanena ya tura min wani shiri a waya, What We Do in the Shadows, wai na barkwanci ne, sai na ga masu shan jini ne a ciki. Ni da na tashi da labarin mayu, gabana ya faɗi. Da gaske mutane na yaba shi? Daga 'yarki a Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Da gaske ne. Tashar FX ta Amurka ta fara haska shi a 2019, ya ƙare a 2024 bayan zango 6. Jemaine Clement ne ya ƙirƙiro shi daga fim ɗin da suka yi da Taika Waititi a 2014. Masu sharhi sun yaba masa sosai, har ya shiga takarar kyautar Emmy, babbar lambar yabo ta shirye-shiryen talabijin a Amurka, a rukunin shirin barkwanci fiye da sau ɗaya.

Abin da ya kama masu kallo shi ne dodannin ba su da wayo. Sun shekara ɗaruruwa a duniya, suna zaune gida ɗaya a Staten Island, wani yanki na birnin New York, kullum cikin cacar baki kamar kishiyoyi. Ni Colin Robinson ne ya fi ba ni dariya: ba ya shan jini, surutu marar daɗi yake yi wa mutum har ƙarfinsa ya ƙare. Guillermo kuwa, yaron gidansu, tausayi ya ba ni, shekara 10 yana bauta a kan alkawarin mayar da shi mai shan jini da aka ƙi cika masa.

Amma akwai batsa da zubar jini a ciki. Kada ki kunna shi a tsakar gida yara na zaune, ki kuma ja wa ƙanen nan naki kunne.