Ayarin jiragen da kakanka ya gani suna sauka a Kano

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce marigayi kakanka, Allah ya jiƙansa da rahama, ya yi aikin lebura a filin jirgin Kano lokacin yaƙin Hitila, yana ba ku labarin ƙananan jirage masu farfela ɗaya da suke zuwa ayari-ayari, wani babba mai inji biyu yana jansu a gaba. Kana so ka san ko su ne Spitfire ɗin da ake yawan faɗa, kuma ko akwai sauransu a duniya har yau.

Tsohon nan bai ƙara gishiri ba ko kaɗan. Sai dai yawancin ƙananan da ya gani Hurricane ne, babban da ke gaba kuma Blenheim ake ce masa. Spitfire ma sun bi ta nan, amma daga baya, daga 1942.

Ga abin da ya kawo su garinmu. A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙi, sai tekun Bahar Rum ya zama ba ya biyuwa ga jiragen ruwan Ingila, alhali sojojinsu na Masar suna neman jiragen sama ido rufe. Zagaye ta ƙasan Afirka ta Kudu kuwa tafiyar makonni ce masu yawa. Sai suka riƙa loda jiragen a wargaje cikin manyan akwatunan katako, a sauke a Takoradi, a Gana ta yau, makanikai su haɗa su a can, a gwada, sannan a tuƙo su ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena, Jinaina, Fashir, Hartum, a bi kogin Nilu har Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, Blenheim ɗaya da Hurricane shida. Kafin a daina, jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Abin da ya buɗe ta shi ne gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a watan Agusta na 1940, yayin da Nijar ta tsaya a hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus. In ka duba taswira za ka ga kusan hanyar nan ce alhazanmu na da suka riƙa bi da ƙafa da jakuna zuwa Makka.

Dalilin da ya sa babban yake gaba kuwa, Hurricane mutum ɗaya yake ɗauka. Shi ne matuƙi, shi ne mai harbi, ba shi da mai duba masa taswira. Blenheim na ɗaukar mutum uku, har da mai duba hanya da mai rediyo, saboda haka shi ne jagaba, sauran su bi ƙurarsa kamar ayarin fatake. Ka tuna hazon hunturu na Kano zuwa Maiduguri, ranar da ba ka hango ƙarshen layinku. Wanda jagaba ya ɓace masa a irin wannan rana, a tsakanin Njamena da Jinaina inda babu gari babu titi, sai dai addu'a. An yi asarar matuƙa a hanyar nan.

Ni na zauna a Lincoln daga 2011 zuwa 2017, karatu da aiki. Wannan yanki shi ne matattarar jiragen jefa bam na Ingila a lokacin yaƙi, har yau kuma sansanonin sojan sama sun kewaye shi. Wanda na fi zuwa shi ne Coningsby, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Akwai wani gefen titi da mutane ke tsayawa a bakin waya suna kallo, tsofaffi da kujerunsu na naɗewa da filas ɗin shayi. A nan sojan saman Ingila ke ajiye tsofaffin jiragen tunawa da yaƙi: Lancaster ɗaya, ƙaton jirgin jefa bam mai inji huɗu, Spitfire da dama, Hurricane biyu, da Dakota na ɗaukar kaya da sojoji. Kuma a wannan fili ɗaya Typhoon na zamani suke, waɗanda ke zaune cikin shiri dare da rana don tare duk jirgin da ya kusanto sararin ƙasar ba izini.

Ana shiga rumfar tsofaffin da ɗan rakiya. Ranar da na shiga, wani dattijo tsohon makanike ne ya zagaya da mu. Ya tsayar da mu a gefen Hurricane, ya ce mu duba daga bayan kujerar matuƙi zuwa wutsiya. Wallahi yadi ne. Yadin lilin aka ja a kan ƙashin bututun ƙarfe da siraran katako, aka shafe shi da wani fenti mai sa shi ya ɗame kamar fatar kalangu. In haske ya bugi jikin, kana ganin layukan katakon a ƙarƙashi, kana ganin inda aka bi ɗinki da tef. Dattijon ya ce harsashi kan huda yadin ya fice ta ɗaya gefen, a yanko ƙyalle a liƙa, jirgi ya koma sama a ranar. Spitfire kuwa jikinsa duk ƙarfe ne, gyaransa sai ƙwararre da kayan aiki. Sannan ya nuna mana ƙafafun: na Hurricane a ware suke sosai, na Spitfire a matse. A filin jar ƙasa mai gargada, mai warar ƙafa ne ke sauka lafiya. Nan na gane dalilin da ya sa shi aka fi turowa ta wajenmu. Waɗanda aka kawo ƙasar zafi har wata matatar iska aka maƙala musu a ƙarƙashin hanci, kamar haɓa, don kada rairayi ya cinye injin.

Ina jin haushin yadda Spitfire ya kwashe suna shi kaɗai. Kyakkyawa ne, ba musu, ya kuma fi gudu. Amma a yaƙin sararin Ingila na 1940 Hurricane ya fi shi yawa, ya kuma fi shi kakkaɓo jiragen Jamus. Injinsu ɗaya ne a lokacin, Merlin na Rolls-Royce mai silinda 12. An ƙera Hurricane kusan 14,500, ɗaya daga cikin biyun da ke Coningsby kuwa shi ne na ƙarshe da ya fito daga masana'anta a 1944. Gudunsa bai wuce kilomita 550 a awa ba. Typhoon yana ninka gudun sauti kusan biyu, in ya taso ta kanka a bakin wayar nan har cikin ƙirjinka kake ji, yara su toshe kunne su yi kuka. Amma da Merlin ya yi gurnani daga nesa, za ka ga tsofaffin nan sun miƙe daga kujerunsu sun yi tsit. Na ga wata tsohuwa tana share hawaye da Lancaster ya wuce. Biyu kaɗai suka rage masu tashi a duniya, ɗayan yana Kanada, kuma a 2014 ya ƙetaro teku suka yi shawagi tare. Ina wurin.

Wani abu da zai ba ka sha'awa: hanyar ba a 1940 aka fara gano ta ba. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A masu fiffike biyu sama da ƙasa, suka sauka a Kano daga Helwan kusa da Alƙahira, zamanin Sarki Usman. Shugaban tafiyar Arthur Coningham ne. Shi ɗin dai ne a 1941 ya zama kwamandan jiragen yaƙin hamadar Masar da Libiya, yana karɓar jiragen da suka biyo hanyar da ya bi shekara goma sha shida baya. Kuma mutanen Najeriya sun tara kuɗi an sayi jirage da su a lokacin yaƙin, shi ya sa aka laƙaba wa runduna ta 91 mai tuƙa Spitfire sunan Najeriya.

Na zamanin da muka taso kuwa duk sun tafi. Harrier mai tashi a tsaye an ajiye shi a ƙarshen 2010, Tornado a 2019. Vulcan, ƙaton nan mai fiffike kamar dala wanda ya je ya jefa bam a tsibirin Falkland a 1982, na ƙarshensa ya yi tashin bankwana a Oktoba 2015, kuma kukan injinsa in ya ɗaga hanci ban taɓa jin irinsa ba. Jaguar ma sun ajiye shi a 2007, irin wanda Najeriya ta sayi 18 aka kai Makurɗi. Yanzu Typhoon ne da F-35 ƙirar Amurka da ke sansanin Marham.

In Allah ya kai ka Ingila, fara da gidan tarihin sojan sama na Hendon a Landan. Shiga kyauta ne, ka sauka a tashar Colindale ka taka kaɗan. Akwai Hurricane, akwai DH.9A irin wanda ya sauka Kano. Amma in so kake ka ga abin da kakanka ya gani da idonsa, ka daidaita tafiyarka da bikin nuna jirage na Duxford kusa da Cambridge, lokacin bazararsu. A can Blenheim ɗaya tilo mai tashi a duniya yake, wanda ya koma sama a ƙarshen 2014 bayan shekaru ana gyaransa. Na gan shi a 2015 ya ratso ta kan filin a hankali, ƙananan jirage na biye da shi a gefe da gefe, sai na tuna da Fagge da tsofaffin unguwarmu da ke cewa in sun ji ƙarar ayari daga kudu sukan bar abin da suke yi su fito ƙirga su.