Ba yatsan Likely ne ya kayar da mu ba

Ƙanena,

Saƙonka ya iso, har da dariyar da ka liƙa a ƙarshe. Kana tambaya me ya haɗa Bahaushe da ƙwallon Amurkawa har ka ga dattawa masu furfura a cikinmu suna ta jimami a Facebook da asubar Juma'a, sannan ka ƙara da tsokana wai ƙungiyar da nake cika maka baki a kanta, Baltimore Ravens ta garin da muke zaune, ta buɗe kaka da shan kashi. Tsokanar ba za ta ɗau lokaci ba: wanda Liverpool ta zazzaga wa uku a Old Trafford ranar 1 ga Satumban 2024 ba shi da bakin yi wa wani dariya. Tambayar farko ce ke buƙatar zama.

Ga wasan a gurguje. Mutum 11 ne kowane ɓangare, tsakanin yankin ci da yankin ci kuma yadi 100, yadi irin wanda ake auna shadda da shi a Kantin Kwari. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya ci yadi 10, ko a ruga da ita a hannu ko a jefa wa wani ya cafe. In sun ci a sabunta musu huɗun, in sun kasa ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta yankin ci ya samu maki 6, sai ya zaɓa: ya buga ta tsakanin sanduna a ƙara masa 1, ko ya sake kai hari daga yadi 2 a ƙara masa 2. Bugun sanduna kawai daga nesa maki 3 ne. Abu ɗaya ka riƙe: a nan layi waje ne. A ƙwallonmu in tana kan layi tana ciki, a nasu kuwa in takalminka ya taɓa farin fenti ka fita, kuma sai ƙafa biyu sun sauka ciki ake lissafa kamu.

Ranar Alhamis 5 ga Satumba 2024 aka buɗe kakar NFL, babbar gasar wannan ƙwallo, a Kansas City, Baltimore Ravens ta je gidan Chiefs masu riƙe da kofi shekara biyu a jere. Aka tashi 27 da 20. A daƙiƙar ƙarshe mai jifarmu Lamar Jackson ya jefa wa Isaiah Likely a can ƙuryar yankin ci, ya tashi sama ya cafe, alƙali ya ɗaga hannu biyu alamar an ci. Kocinmu na kakar 2024 John Harbaugh har ya nuna yatsu biyu, wato ba kunnen doki yake nema ba, maki 2 zai nema a ƙare magana. Sai aka koma bidiyo, aka ga bakin takalmin Likely ya ɗan hau layi. Aka soke, wasa ya ƙare. A wajenmu dare ya kusa rabawa, a wajenku ana shirin kiran assalatu, shi ya sa ka tashi ka tarar da mu muna kuka.

Kafin ka ce ai wasa ɗaya ne, ka tuna wasa 17 kacal kowace ƙungiya ke yi a kaka, ba 38 irin na Firimiya ba. Ba a faɗawa rukuni na ƙasa, amma faɗuwa ɗaya a Satumba tana iya zama dalilin da a Janairu za ka je gidan wani cikin sanyi maimakon shi ya zo naka. Ga kuma tsohon miki. Ranar 28 ga Janairun 2024 Chiefs ɗin nan suka zo har Baltimore suka doke mu 17 da 10 a wasan da zai kai mu Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, bayan mun gama kaka da nasara 13, mun fi kowa. Zuwa Satumban 2024 sau shida Lamar ya haɗu da Patrick Mahomes, mai jifar Chiefs, sau ɗaya ya ci, a 2021.

To me ya shigar da mu ciki? Garin ne ya shigar da mu. Baltimore gari ne da aka taɓa ɗauke wa ƙungiya da tsakar dare: a Maris na 1984 mai Colts ya loda kayan ƙungiyar a manyan motoci ya nufi Indianapolis, mutane suka wayi gari ba su da komai. Shekara 12 suna zaune haka kafin Ravens ta zo a 1996, ta ci kofi a 2001 da 2013. Tsofaffin maƙwabtanmu har yau in suna ba da labarin motocin nan sai ka ga ransu ya ɓaci. Duk Juma'a a lokacin kaka garin yakan koma shunayya, launin ƙungiyar: malaman makaranta, ma'aikatan banki, masu jinya a asibiti, har fitilun wasu gine-gine. Wanda ke tuƙa taksi ko yake aikin dare a asibiti, in bai san abin da ya faru ranar Lahadi ba, Litinin ba shi da abin cewa da kowa. In ka je gari ka ga kowa da jela, ka san sauran. Akwai wani dattijo a cikinmu da ya aika Kano aka ɗinka masa hula da zaren shunayya da baƙi, ita yake sawa masallacin Juma'a daga Satumba zuwa Janairu.

Babban dalilin dai yara ne. Ɗan da aka haifa a nan Hausarsa tana ɗingishi, labarin gida yana jin sa ne da ladabi kawai. Amma ka zauna kusa da shi ka ce ya fayyace maka dalilin da alƙali ya jefa tutar rawaya, alamar an yi laifi, sai ka ga bakinsa ya buɗe, awa uku kuna hira. Yawancinmu 'ya'yanmu ne suka koya mana dokokin. Suna kuma lura da sunayen da ke bayan riguna a kakar 2024: Odafe Oweh, David Ojabo, da Nnamdi Madubuike, wanda har 2023 Justin ake kiransa, a 2024 ya ce a koma kiransa da sunansa na gida. Ba Hausawa ba ne, amma a nan ɗan Nijeriya ɗan'uwa ne, kuma yaron da ke jin nauyin sunansa a aji yana ganin wannan. Bugawa da kansu kuwa wata magana ce daban. Iyaye mata da yawa sun ƙi, saboda buguwar kai da ake yawan samu, sai dai irin wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugu maimakon kayar da mutum, wanda za a buga a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028.

Kallon namu ma da tsarinsa. Amurkawa tun safe suke cika wuraren ajiye motoci a gefen filin wasa, ana gashin naman alade ana shan giya. Mu ɗakin ƙasa na gidan ɗayanmu muke haɗuwa, ana zagayawa. Yara su dawo daga Islamiyya da hantsi, a kunna gasa a bayan gida, tsire da yajin ƙuli-ƙulin da wani ya taho da shi daga gida, masa in uwargida ta ji daɗinmu, zoɓo a bokitin ƙanƙara, fikafikan kaza don yaran da ba sa son yaji. Ƙarfe ɗaya ake take wasa, daidai shigar azahar a wannan watan, don haka hutun rabin lokaci ake kashe murya a ja sahu, fuska ga alƙibla, talabijin na ta walƙiya a bayanmu. In aka mayar da agogo baya a Nuwamba sai la'asar ta karɓi wannan gurbin. Rimot yana hannun mai gida, aikinsa ya danne murya in tallar giya ko ta caca ta shigo. Tun da Maryland ta halatta caca ta waya a Nuwamban 2022 tallar ba ta ƙarewa, kuma wannan ne abin da muka fi sa wa samari ido a kai. Ba duka muke Ravens ba: na wajen Washington suna bin Commanders, 'yan'uwanmu na Bronx, 'yan zangon Gana da 'yan Nijar, suna fama da Giants da Jets, Allah Ya ba su haƙuri. Firimiya kuwa ba mu bar ta ba, da sassafe take zuwar mana.

Yanzu ga musun da muke ciki tun daren nan. Masu cewa yatsa ne, ban bi su ba. Jifa biyu kafin wannan, Likely ya samu sarari Lamar ya wuce da ita sama da shi, sannan Zay Flowers ya tsaya shi kaɗai a yankin ci ƙwallo ta bi ta bayansa. Ƙungiyar da ta bar kanta sai daƙiƙar ƙarshe, tun da farko ta yi ɓarna.

Ƙarfinmu a fili yake. Lamar ya ci kyautar gwarzon NFL sau biyu, 2019 da 2023, a daren nan kuma ya jefa yadi 273, ya ruga 122 da ƙafarsa. Likely ya cafe sau 9, yadi 111, har da ci ɗaya daga yadi 49 da ya yi ta kauce wa mutane. Chiefs sun tsare Mark Andrews, wanda Likely yake na biyunsa a gurbinsu, sau biyu kawai ya taɓa ƙwallo, sai ga na biyunsa ya ɓalle musu. Ƙungiyar da ke da irin waɗannan biyu, wahalar tsarewa gare ta.

Amma yadi 122 ɗin nan da ake yabo ni tsoro suka ba ni, don da yawa daga ciki gudun tsira ne. A gaban mai jifa akwai ƙarti biyar, su ne katangarsa, su ke buɗe wa mai gudu hanya. Uku daga cikin na kakar 2023 sun tafi: Kevin Zeitler, John Simpson da Morgan Moses. Kocin da ya daɗe yana horar da su, Joe D'Alessandris, ya rasu a watan Agusta ana gab da fara kaka. Waɗanda suka maye gurbi sababbi ne a wuraren, har da Daniel Faalele ɗan Ostareliya, mutum mai kusan kilo 170 da aka matso da shi ciki daga gefe. Chris Jones na Chiefs ya keta su ya bugi Lamar ƙwallo ta suɓuce, Chiefs suka ɗauka. Tun harin farko kuma alƙalai suka yi ta hukunta mu kan tsayuwa ba daidai kan layi ba, mafi yawa a kan Ronnie Stanley, wanda shi ne tsohon hannu a cikinsu. Wani ɗan'uwa mai tuƙa babbar mota ya rantse alƙalai ne suka sa mana ido. Ko da hakan ne, bayan tuta ta biyu ai sai ka matsa gaba taku ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai Derrick Henry ne. A wasan Janairu masu gudunmu sau shida kacal aka miƙa musu ƙwallo, garin nan ya yi wata da watanni yana zagin wannan dabara. Don haka aka ɗauko Henry daga Tennessee, mai kilo sama da 110, wanda ya taɓa rugar yadi 2,027 a kaka ɗaya, a 2020. Ya ci mana a harin farko, muka miƙe tsaye. Daga nan aka manta da shi: sau 13 ya ɗauka, yadi 46. Henry ba na farkon wasa ba ne, sai an yi ta ba shi har masu tare shi su gaji, kafaɗa ta yi tsami, a zango na huɗu, wato na ƙarshe, ya fara ɓarna. In katanga ba ta buɗe hanya, kuma mai tsara hari na kakar 2024 Todd Monken yana saurin komawa jifa da an ɗan wuce mu, to kuɗin Henry asara ne, shekarunsa 30 a 2024 kuma ba jira za su yi ba.

Tsaro shi ne wanda ban yanke hukunci a kai ba. A kakar 2023 mu ne na ɗaya a hana maki, da kayar da mai jifa, sau 60, da ƙwace ƙwallo. Wanda ya tsara wannan, Mike Macdonald, Seattle ta ɗauke shi ya zama babban koci. Patrick Queen ya koma Pittsburgh, abokan gabarmu na jini, Jadeveon Clowney da Geno Stone ma sun tafi. Sabon mai tsarawa a kakar 2024, Zach Orr, shekararsa 32, tsohon ɗan wasanmu ne da matsalar wuya ta sa ya ajiye wasa da wuri, kuma wannan ne karonsa na farko da ragama. An ga alama. Rashee Rice ya yi ta cafewa a tsakiya har yadi 103, sabon yaronsu Xavier Worthy mai gudun tsiya ya ci biyu, na biyun ba kowa kusa da shi saboda masu tsaron baya ba su fahimci juna ba. Irin wannan yana gyaruwa da zama tare, kuma Roquan Smith da Kyle Hamilton da Madubuike suna nan. Mai buga mana sanduna Justin Tucker ma ya zubar da bugu daga yadi 53, mutumin da ya kafa tarihi da yadi 66 a 2021. Guda ɗaya ba komai ba ne, amma mun saba lissafa makinsa tun kafin ya buga, yanzu sai mun kalla.

Ranar Lahadi 15 ga Satumban 2024 Las Vegas Raiders za su zo mana, sai mu je Dallas, sai Buffalo ta zo. Na Raiders ƙarfe shida na yamma ne a agogonku, magariba za ta ɗan katse ka. In ka samu inda ake nunawa, kada ka bi ƙwallo da ido yadda ka saba. Ka kalli ƙartin nan biyar, musamman ɓangaren dama inda Maxx Crosby na Raiders mai lamba 98 zai riƙa kawo farmaki, ka kuma ƙirga sau nawa aka miƙa wa Henry mai lamba 22. In Henry ya haura 20, ka kira ni mu yi magana.

Ka gaida Inna da yaran.