Na ga mutum yana nutsewa a teku ban shiga ba, akwai diyya a kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna bakin teku ruwa ya ja wani saurayi, muna da yawa a wurin, ni na iya iyo amma a ƙaramin tafki kawai na saba, tsoro ya kama ni ban shiga ba har ya rasu. Wani ya ce min sai na biya diyya na yi azumin wata 2 a jere. Wallahi ko barci ba na iyawa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, kai kuma ɗan'uwa Allah ya sanyaya maka zuciya.

Ceton wanda ruwa zai ci farilla ce ta kifaya, wato idan wasu suka yi ta sauka daga kan sauran, wannan babu saɓani, har salla ana yankewa saboda shi. Amma maganarka cewa a tafki kawai ka saba, ita ce ta canja hukuncin. Iyon tafki daban, teku daban, akwai igiyar ruwa da ke jan mutum ciki ko gwani ne, shi kuma mai nutsewa ba ya cikin hayyacinsa, duk wanda ya matso ƙanƙame shi zai yi su tafi tare. To wanda ya fi zaton shi ma zai halaka, shiga ba ta wajaba a kansa ba.

Shi wanda ya ce maka diyya da kaffara, ina ganin maganar Malikiyya ya ji bai ji ƙarshenta ba. Gaskiya ne Khalil, malamin Malikiyya, a littafinsa Mukhtasar ya ɗora lamuni, wato biyan abin da aka rasa, a kan wanda ya bar ceton rai ko dukiya, amma ai da sharaɗin yana da iko, ka ga mutumin da jirgi ke hannunsa ko igiya, ya ga zai iya kuma ya juya baya da gangan, wannan ake nufi, ba wanda ya tsaya ƙafarsa na rawa don ya san ruwan ya fi ƙarfinsa ba. Kuma ko mai ikon ma, Ibn Ƙudama, malamin Hambaliyya, a littafinsa Mugni ya rinjayar da cewa ya yi laifi amma ba ya biya, tunda ba shi ya jefa shi ba. To ina kai? Kaffarar aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta kisan kuskure ce, kai ba ka kashe kowa ba. Ina jin ciwon yadda mutane ke ɗora wa mai baƙin ciki abin da shari'a ba ta ɗora masa ba.

Sai dai ba ka gaya min ba, ka yi ihu? Ka kira masu ceto? Ka jefa masa igiya ko jarka ko wani abu mai yawo a kan ruwa? Wannan kam kana iyawa, in ka bari to ka yi istigfari, babu biyan komai. Masu ɗaga waya suna ɗaukar bidiyo mutum na mutuwa kuwa su ji tsoron Allah.

Ka yi masa addu'a, hadisi ya inganta cewa wanda ruwa ya ci shahidi ne. In rashin barcin ya ci gaba dan Allah ka ga likita, kar ka riƙe shi kai kaɗai, kuma in da hali ka koyi yadda ake danna ƙirjin wanda aka tsamo. Wallahu a'alam.