Malam, Don Allah Kada Ka Ci Bashin Nan

Malam, na karanta tambayarka har sau biyu, kuma wallahi ta taɓa ni, don wannan ciwon na san zafinsa. Ka ce wani a rukunin WhatsApp ya zuga ku kan hannun jarin wani kamfani, ka zuba naira dubu 400, cikin wata biyu ta koma dubu 260, yanzu kana shawarar cin bashin kofaretib ɗin wurin aikinku a Samaru ka ƙara saye ko ka mayar da asara. Ka kuma tambaya ko ka yi haƙuri ka riƙe hannun jarin, da kuma maganar halaccinsa. Don girman Allah kada ka ci.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda mutanen nan suke shirya abin. Sai su nemi ƙaramin kamfanin da ba a cika cinikin hannun jarinsa ba, su tara shi da araha, sannan su shigo rukuni da hotunan riba. A kasuwar hannun jari ta Najeriya (NGX) motsin farashi ba ya wuce kashi 10 a rana, sama ko ƙasa, to idan aka yi kwana biyar yana hawa goma-goma, kowa sai ya ruɗe. Kuna saye, su suna sauke muku kayansu. Ranar da ya juyo, ka buɗe manhaja ka ga masu sayarwa sun yi layi, ɓangaren masu saye babu ko mutum ɗaya. Ka sa oda, a tashi kasuwa ba ta shiga ba, washegari wani kashi 10 ya sake tafiya. Mutum ya sallame sallar asuba, carbi na gefe, hannunsa na kan waya, kuɗin makarantar yara ne a ciki. Gogan da ya zuga ku kuwa tuni ya fice daga rukunin. Wannan ai ɗan'uwan najashi ne da Manzon Allah (SAW) ya hana, zuga farashi don wani ya afka. Kai ma kada zafin asara ya sa ka koma yabon kamfanin a rukuni don ka samu wanda za ka sauke wa.

Maganar haƙuri kuma, mai sayen masara a kasuwar Giwa da kaka ya ajiye zuwa bazara sai ya soka buhu ya ga babu ƙwari kafin ya kulle sito. Ka sauko da rahoton shekara na kamfanin, ka duba shekara uku zuwa biyar: yana cin riba? Yana rabon riba ga masu hannun jari? Bashinsa na ƙaruwa? Idan lafiyayye ne, zauna, ka daina leƙa farashi kullum. Idan ko rahoton ma ba ya fitarwa a kan lokaci, sayar da zarar an samu mai saye, ka ɗauki asarar. A 2008 bashin banki mutane suka ci suka sayi hannun jari, ma'aunin kasuwar ya faɗo daga sama da 66,000 a watan Maris zuwa wajen 20,000 a farkon 2009. Jari ya narke, bashi yana nan daram.

Halacci da ka tambaya: fara da sana'ar kamfanin, ban da bankin kuɗin ruwa, giya da caca. A ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, bashi mai ruwa kada ya haura kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga na haram kada ya haura kashi 5, kuma wannan kason ka cire shi daga ribar da aka raba maka ka bayar. Jerin Lotus Islamic Index, na kamfanonin NGX da aka tantance bisa Shari'a, zai rage maka wahala, amma ana sauya shi, ka riƙa dubawa.

Af, dillalin naka ma, ka duba sunansa a shafin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari? Ya ba ka lambar CHN, wato lambar shaidar mai zuba jari, da asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jari, da sunanka? Idan asusun wani mutum kake tura wa kuɗi, ka tsaya tun yau. Ka kuma cike fom ɗin e-dividend, na biyan rabon riba kai tsaye a asusun banki, da BVN ɗinka, sunan ya zo daidai da na banki, in ba haka ba ribarka a wurin rijistara, mai riƙe da rajistar masu hannun jarin kamfanin, za ta maƙale. Za a cire harajin kashi 10 kafin ta shigo, kada ka zaci an cuce ka. Allah ya mayar maka da alheri, Malam.