Kun Tambaya, Mun Amsa: Wai Mece Ce "Taga Ɗaya" da Ake Ta Faɗa a Harkar Kwastam?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da muka ɗan taɓo maganar fiton kaya a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan duk abu ɗaya suke zagayawa, wato wannan sabon tsari da hukumomin kwastam na ƙasashe suke ta komawa na karɓar bayanan kaya ta intanet da raba su tsakanin hukumomi. Na zaɓo guda biyar. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, da yawa amsarsu tana cikin waɗannan.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne ina shigo da kaya a kwantena, kullum ejan ɗina sai ya ce min ai yanzu duniya ta koma taga ɗaya, ni kuma gaskiya ban gane ba. Ba dama can da kwamfuta kwastam suke aiki ba? Mene ne sabo a ciki?

AMSA: Alhaji yauwa, tambayarka ita ce uwar duk sauran shi ya sa na fara da ita. Eh, kwastam sun daɗe da kwamfuta, tun farkon shekarun 1980 hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, ta fito da manhajar ASYCUDA wadda ƙasashe kusan ɗari suke amfani da ita. Amma ka tuna kwantenarka ba kwastam kaɗai take jira ba. Akwai hukumar tasha, akwai kamfanin jirgi, akwai banki, akwai masu duba ingancin kaya, in magani ne ko sinadari akwai masu kula da lafiya, in tsiro ne ko dabba su ma da nasu ofishin, kuma kowanne da fom ɗinsa da layinsa da hatiminsa. Abin da zai ba ka haushi shi ne duk abu ɗaya suke tambaya: sunan mai kaya, lambar kwantena, nauyi, farashi, ƙasar da aka yi kayan. Ejan ɗinka zai rubuta wannan bayanin sau shida ko bakwai, a na biyar ɗin hannu ya zame ya sa 8 a wurin 3, shi ke nan takardu sun saɓa da juna, kaya sun tsaya, kuɗin zaman kwantena a tasha kuma yana ta hawa kullum.

To taga ɗaya ita ce ka shigar da bayanin sau ɗaya tak, a wuri ɗaya, tsarin ya rarraba wa duk hukumar da abin ya shafa a lokaci guda, kowacce ta yi aikinta ta mayar da amsa ta wannan hanyar dai. Singafo ce ta fara nuna wa duniya abin zai yiwu, a 1989 ta buɗe tata tagar mai suna TradeNet, izinin da a da ake kwanaki ana jira ya dawo 'yan mintuna. A 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da shawara mai lamba 33 da ta fayyace yadda ake kafa irin wannan taga. Sai yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya da aka cimma a Bali ta Indonesiya a Disambar 2013, ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairun 2017, a sashe na 10 aka ce kowace ƙasa ta yi ƙoƙarin kafawa, kuma aka ce takardar da aka riga aka karɓa ta tagar kada wata hukuma ta sake nemanta sai da dalili na gaggawa. A ɓangaren jiragen ruwa ma an wuce maganar ƙoƙari, daga 1 ga Janairun 2024 hukumar sufurin ruwa ta duniya ta wajabta wa ƙasashe mambobinta taga ɗaya ta bayanan shiga da fitar jirgi.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi, ni kuma a wurina shi ne ginshiƙin, shi ne kafin kwamfutoci su yi magana da juna sai sun yarda da yare ɗaya. Shi ya sa ake da lambobin kaya na HS tun 1988, lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ƙasashe sama da 200, motar hawa tana ƙarƙashin 8703, siminti 2523, ko da wane harshe aka rubuta sunan kayan lambar ba ta canzawa. Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Brussels ita ke kula da su, kuma ta tsara yadda za a riƙa rubuta sauran bayanan ma, kwanan wata da nauyi da sunan tasha, don abin da wannan ofis ya aiko wancan ya iya karantawa ba sai mutum ya zauna ya sake bugawa ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni direban tirela ne, shekara goma sha ina tsallaka iyakoki da kaya. Abin da ke cin raina shi ne a gama duba ni a wannan gefen, in matsa 'yar tafiya kaɗan a sake farawa daga farko kamar ba a taɓa ganina ba. Wannan tsarin zai taɓa mu kuwa ko na masu kwantena ne kawai?

AMSA: Sannu da ƙoƙari direba, Allah ya tsare hanya. Zai taɓa ku, amma gaskiya naku ya fi wuya, don raba bayani tsakanin hukumomin ƙasa ɗaya daban, raba shi tsakanin ƙasashe biyu kuma daban, nan sai an zauna an sa hannu a yarjejeniya. Yadda ya kamata abin ya kasance shi ne bayanin da aka shigar lokacin da ka ɗauko kaya ya riga ka isa iyaka, kafin ka taka birki jami'in wancan gefen ya san lambar motarka da lambar hatimin da aka rufe kayan da shi da abin da ke ciki, aikinsa kawai ya duba hatimi bai karye ba ya danna cewa ka wuce. In ka sauke a inda aka rubuta, ofishin can ya aika saƙo baya, sai a saki kuɗin jinginar da mai kaya ya ajiye. Wannan saƙon na baya shi ne yake toshe tsohuwar dabarar nan ta a ce kaya wucewa za su yi zuwa wata ƙasa don kada a biya kuɗin fito, sai a karkatar da su a hanya.

Kuma ba mafarki ba ne, ana yi. A Chirundu, kan kogin Zambezi tsakanin Zambiya da Zimbabwe, tun 2009 aka haɗa binciken ƙasashen biyu mota ta tsaya sau ɗaya. ECOWAS ta ƙaddamar da SIGMAT a 2019 don kwastam na ƙasashenta su riƙa aika wa juna bayanin kayan da ke wucewa. Ƙasashen kudu maso gabashin Asiya kuwa tun 2018 suka fara musayar takardar shaidar asalin kaya ta intanet. Sai dai kar in ɓoye maka, kwamfuta ba ta ɗauke shingayen da ke tsakiyar hanya, wannan kam sai gwamnati ta ga dama ta ɗauke su.

TAMBAYA: Malam ni 'yar kasuwa ce. Kwantenata da ta wata ƙawata rana ɗaya suka sauka, tata aka sake ta ko buɗewa ba a yi ba, tawa aka zazzage ta kaf. Ba son kai ba ne wannan?

AMSA: Hajiya, ba lallai ba ne. Babu tashar da za ta iya buɗe duk kwantenar da ta sauka, saboda haka tsarin ne yake tantancewa da bayanin da aka shigar, ya jefa kowane kaya a layi, kowane layi da launinsa. Kore a saki kai tsaye, rawaya a duba takardu, ja a sa a sikana ko a buɗe, shuɗi kuma a saki yanzu a biyo ki da binciken littattafanki daga baya. Abin da yake dubawa ya haɗa da irin kayan, inda suka fito, tarihin mai kaya da na ejan ɗinsa, da ko farashin da aka rubuta ya yi ƙasa sosai da wanda aka saba gani, sannan akwai 'yan kaɗan da yake zaɓa haka nan kawai don kada kowa ya saki jiki. Kuma tantancewar tana iya farawa tun kaya ba su taso ba, Amurka bayan harin 11 ga Satumbar 2001 ta kafa dokar a aiko mata bayanin kaya awa 24 kafin a loda su a jirgi, Tarayyar Turai ma tana da irin tata.

Shawarata ki nemi ejan ɗinki ya nuna miki ainihin abin da ya shigar da sunanki, ki gwada da takardar farashin da aka ba ki. Sau da yawa mai kaya bai san an sauya masa lambar HS ko an rage farashi ba, shi kuma sunansa ne yake ɓaci a tsarin. In kina shigo da kaya akai-akai ki tambaya ko akwai rajistar amintattun 'yan kasuwa, wadda ta samo asali daga ƙa'idojin tsaron kaya da ake kira SAFE, waɗanda Hukumar Kwastam ta Duniya ta fitar a 2005, masu wannan matsayi ba a cika tsayar da su ba.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ejan ne, sana'ar da na gada kenan. Ana ta ce mana wannan abu zai kashe aikinmu kuma zai kashe cin hanci. Wanne ne gaskiya?

AMSA: Ɗan uwa, ɓangaren aikin da zai mutu shi ne yawo da fayil daga tebur zuwa tebur da sanin wa za a gani a wane ofis. Wanda zai rage, kuma darajarsa za ta ƙaru, shi ne sanin lambar kaya daidai, sanin yadda ake ƙiyasta ƙima, sanin ƙa'idar asalin kaya da wane izini ake nema kafin kaya su taso. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, ka zauna ka koyi waɗannan da kyau, mai kaya ba zai daina nemanka ba.

Maganar cin hanci kuma zan faɗa maka abin da na yi imani da shi. Tsarin yana rage shi ta hanya biyu, mutum ba ya haɗuwa da jami'i ido da ido a kowane mataki, sannan duk wanda ya taɓa fayil sunansa da lokacin suna nan a rubuce, in fayil ya kwana uku a teburin wani za a gani, in wani ya mayar da kaya daga ja zuwa kore za a gani. Amma sai in akwai mai dubawa, kuma sai in an hukunta. Abin da ya fi ci min rai, kuma na gani da idona a wata tasha, shi ne a kashe maƙudan kuɗi a kafa tsari, mutum ya shigar da komai ta intanet, sannan wani ofis ya ce sai ka bugo takardar ka kawo a buga mata hatimi da hannu. Wallahi wannan an gudu ne ba a tsira ba, aiki ya zama biyu, layin da aka ce an kashe ya dawo, da duk abin da ke tafiya da layi. Dalilinsa kuwa ba na'ura ba ce, ko dai doka ba a gyara ta ta amince da sa hannu na intanet ba, ko kuma wata hukuma tana ganin in ta yarda da binciken 'yar uwarta ta rasa iko da kuɗin shiga. Shi ya sa in an ce min wata ƙasa ta zamanantar da kwastam, abin da nake fara tambaya shi ne takardu nawa aka soke, kuma awa nawa kaya suke yi daga sauka zuwa fita, don akwai hanyar auna wannan da Hukumar Kwastam ta Duniya ta tsara kuma ya kamata a riƙa wallafa sakamakon kowa ya gani.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne. In komai ya koma kwamfuta, ranar da sistem ya faɗi ko aka yi kutse fa? Kuma sirrin 'yan kasuwa ba zai fita ba?

AMSA: Ɗalibi, tsoronka yana kan hanya. A Yunin 2017 harin intanet na NotPetya ya durƙusar da kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk, tashoshinsa a ƙasashe da dama suka tsaya, manyan motoci suka yi layi a ƙofa ba shiga ba fita, sai da suka sake girka kwamfutoci kusan 45,000 cikin kwana goma, asarar ta kai wajen dala miliyan 300. Kamfani ɗaya kenan fa, ka ƙiyasta in tagar ƙasa guda ce. Saboda haka dole a ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban, a samu wuta da layin intanet na ko-ta-kwana musamman a iyakokin da ke nesa da birni, kuma a rubuta tun kafin ranar abin da jami'i zai yi in sistem ya ɗauke, wane kaya zai saki da takarda, wa zai sa hannu, da yadda za a shigar da su in an dawo, musamman magunguna da kayan da ke lalacewa.

Sirri kuma, sunan wanda kake saye a wurinsa da farashin da ya ba ka su ne jarin ɗan kasuwa, in suka faɗa hannun abokin hamayya an gama da shi. Yarjejeniyar Bali ɗin nan a sashe na 12 ta ɗora wa ƙasar da ta karɓi bayani daga wata alhakin riƙe shi da sirri da amfani da shi kan abin da aka nema kawai. A cikin gida ma haka ya kamata, mai duba lafiyar tsirrai ya ga abin da ya shafi tsirrai, ba ruwansa da takardun banki, kuma duk wanda ya buɗe fayil ɗin wani tsarin ya rubuta sunansa da ranar da ya buɗe.